Inda aka kwana: aikin jan ƙarfe da iskar CO2

14 ga Oktoba, 2024

Kwamitin sashe ya amince da tsarin aikina, don haka daga yau zan riƙa rubuta inda aka kwana. Abin da na sa a gaba shi ne in haɗa ƙananan ƙwayoyin jan ƙarfe, in shafa su a kan takardar kabon, in tsoma a ruwan gishiri da aka cika da iskar CO2, in saki lantarki, in ga ko iskar za ta koma etilin da itanol. Etilin shi ne tushen leda da yawancin robobi. Itanol kuwa an san shi a asibiti, kuma ana gauraya shi da fetur a ƙasashe irin su Brazil da Amurka.

CO2 abu ne da ya riga ya ƙone ya gama. Kabon ɗin da ke cikinsa ya riƙe oksijin biyu gam, ba ya neman kowa. Mai son dawo da shi baya sai ya biya da makamashi, kuma ko ya biya sai ya sami mai shiga tsakani, wato katalis. Aikin katalis irin na dillali ne a kara: saniyar ba tasa ba ce, kuɗin ba nasa ba ne, amma in ba ya nan sai a yi magariba ba a sallama ba.

Zaɓen jan ƙarfe ba dabarata ba ce. Tun 1985 Yoshio Hori da abokan aikinsa a Jami'ar Chiba ta Japan suka fara bin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, suka raba su gida-gida. Zinare da azurfa da tutiya suna tsayawa a kabon monoksaid. Kuza da dalma suna ba da fomet. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam ba su ma kula CO2 ba, ruwa suke fasawa su fitar da haidirojin. Jan ƙarfe kaɗai ke riƙe kabon monoksaid ɗin daidai gwargwado, ba sako-sako ba, ba kuma riƙon mutuwa ba, har biyu su haɗu su zama abu mai kabon biyu. Aibinsa shi ne ba ya zaɓe. A 2012 ƙungiyar Thomas Jaramillo a Stanford ta ƙirga abubuwa 16 daban-daban da ke fitowa daga faranti guda na jan ƙarfe. Duk wahalar da ake sha a kan ƙanƙanta ƙwayoyi da gyara siffarsu, neman a tilasta masa ya zaɓi ɗaya ne.

29 ga Oktoba

Haɗin farko ya yi. Hanyar ba ta da tsada, shi ya sa na ɗauke ta: ruwan gishirin jan ƙarfe mai shuɗi, a ɗiga masa soda mai ƙuna, a bi shi da asid na askobik, wanda ba kome ba ne illa bitamin C. Ba wuta, ba matsi. Ruwan ya tashi daga shuɗi garau zuwa shuɗi mai kauri, ya ratsa kore, ya tsaya a ruwan lemo. Wannan launin shi ne Cu2O, wato oksaid ɗin jan ƙarfe (jan ƙarfe haɗe da oksijin), kuma launin kansa yana ba da labarin girma: ƙananan ƙwayoyi sun fi karkata ga rawaya, manya ga jan bulo.

Abin da nake nema ƙwayoyi ne masu siffar akwati, fuska shida daidai wa daida. Dalili shi ne tsarin jeruwar atom a fuskar akwatin, wanda ake kira (100), ya fi ba da etilin, shi kuwa tsarin (111) ya fi ba da metan. Hori ɗin dai ne ya nuna haka da tsarkakakkun lu'ulu'un jan ƙarfe. Ƙanƙanta kuma tana ba da fili. Na yi lissafi: akwatin Cu2O mai faɗin nanomita 50 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), giram ɗaya nasa yana da fuskar da ta kai murabba'in mita 20. Amma ba a ce kullum ƙarami ya fi ba. A 2014 ƙungiyoyin Peter Strasser da Beatriz Roldan Cuenya sun nuna cewa in ƙwayar jan ƙarfe ta gaza nanomita 5, haidirojin da kabon monoksaid ne ke ƙaruwa, etilin da metan su ja baya. A 2016 kuma ƙungiyar Raffaella Buonsanti ta gwada akwatuna masu girma uku, na tsakiya mai nanomita 44 ne ya fi ba da etilin. Can nake hari.

19 ga Nuwamba

Sakamakon XRD ya dawo, wato gwajin hasken X-ray da ke nuna abin da aka haɗa ta hanyar tsinayen da ke fitowa a jadawali. Manyan tsinaye a digiri 36.4 da 42.3 da 61.4, na Cu2O ne ba tantama. Babu na CuO, ɗaya oksaid ɗin jan ƙarfen, a 35.5 da 38.7, babu na tsantsar ƙarfe a 43.3. Hotunan madubin ilektiron sai da aka aika samfur wani gari, domin namu ba ya iya ganin abu ƙarami haka. Akwatunan sun fito da kusurwa tsaf, sai dai sun ɗan fi yadda nake so girma, kuma ba kansu ɗaya ba. Zan rage zafin ruwan haɗi, in kuma zuba askobik ɗin a lokaci guda maimakon ɗigo-ɗigo, don ƙwayoyi da yawa su tsiro tare kada kaɗan su cinye abincin su yi ƙiba.

10 ga Disamba

An saki wuta a karon farko. Kwalbar gwajin ɗaki biyu ce da tantani a tsakani. Ɗaki ɗaya takardata mai katalis, ɗayan wayar filatinam. Ruwan gishirin KHCO3 (baikabonet na fotasiyam) ne mai ƙarfin mola 0.1, in ya ƙoshi da CO2 ma'aunin pH yana sauka wajen 6.8. Iskar da ke fita daga kwalbar tana wucewa kai tsaye cikin na'urar GC, mai rarrabe iskoki ta auna yawan kowacce.

Kumfa ta tashi sosai, ɗaliban digirin farko da suka leƙo har da tafi. Na bar su suka gama murna kafin na nuna musu allon na'urar. Galibin kumfar haidirojin ce. Akwai kabon monoksaid, akwai ɗan tudun etilin da ake iya gani ba tare da an matse ido ba, amma ruwa ne ya cinye yawancin lantarkin. Wannan ba abin mamaki ba ne. Lita guda ta ruwa tana ɗauke da mol 55 na ruwan kansa (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), CO2 da za ta iya narkarwa a zafin digiri 25 kuwa bai wuce milimol 33 ko 34 ba. Ga shi haidirojin ilektiron 2 kawai yake buƙata, etilin da itanol kowanne sai 12.

Ma'aunin da ake auna nasara da shi a wannan fage shi ne kason Faraday: cikin duk cajin da ya wuce, kashi nawa ne ya tafi ga abin da kake so. Dokar da na ɗora wa kaina ita ce in na tara kason kowane abu, gas da na ruwa, jimlar ta kusanci 100. In ta tsaya a 70, to akwai abin da ke zurarewa ko wanda ban auna ba, kuma ranar ba ta shiga lissafi.

21 ga Janairu, 2025

Wata guda ke nan abu ɗaya ke maimaituwa. Etilin yana hawa a farkon gwaji, kafin awa ta cika ya fara sauka, haidirojin ya maye gurbinsa. Takardar kuma in an ciro ta, ta yi duhu.

Baba mai kula da ɗakin gwaji, wanda ya fi shekara talatin yana wanke kwalabe a nan, ya tsaya a bayana yana kallo, ya ce, "Ɗana, ruwan nan naka daga ina?" Na ce, "Baba, na injin tacewa ne." Ya ce, "Injin na sani. Gishirin fa? Kuma ka dubi taga." Hunturu ne, ƙura ta yi wa kowane tebur hoda.

Maganarsa ta zo daidai da abin da Hori ya wallafa a 2005, cewa abin da ake ta kira mutuwar elektirod ɗin jan ƙarfe, wato farantin da lantarki ke bi ta kansa ya shiga ruwa, sau da yawa guba ce daga ɗan burbushin baƙin ƙarfe da tutiya da ke cikin gishirin. Lantarkin da ke aiki a kan CO2 shi ne kuma ke janyo waɗannan ƙarafa su kwanta a fuskar katalis, kuma baƙin ƙarfe, kamar yadda na rubuta a farko, haidirojin kawai ya sani. Ba a buƙatar mai yawa, tunda fuskar da za a rufe kaurin atom guda ce. Ƙurar hunturu ma akwai ƙarfe a cikinta. Anna Wuttig da Yogesh Surendranath na MIT sun nuna a 2015 cewa ana iya kame waɗannan ƙarafa da sinadarin EDTA ko da ƙwayoyin tace ruwa na Chelex. Na yi odar Chelex. Kafin ya iso ina tsarkake ruwan da tsohuwar hanya, wato a saka wani elektirod na sadaukarwa ya kwana yana janye dattin. Kwalabe duka sun sha wanka da asid, an liƙe tagogi, an rufe kwalbar gwaji cikin akwatin roba.

13 ga Fabrairu

Tsarkake ruwa ya taimaka. Etilin yanzu yana daɗewa kafin ya fara sauka. Amma yana sauka.

Yau kuma sakamakon NMR, gwajin da ke gano abubuwan da suka narke a ruwan kwalba, ya iso, kuma akwai alamar itanol, tare da fomet. Ban sanar da kowa ba tukuna, ga dalili. Miliamfiya 10 na tsawon awa ɗaya caji ne na kulom 36. In aka raba da lambar Faraday, 96,485, sai a sami maikuromol 373 na ilektiron. Ko da dukkansu sun tafi ga itanol, abin da za a samu maikuromol 31 ne, wajen miligiram 1.4. In kashi 10 ne kawai suka tafi can, miligiram 0.14 ke nan a cikin kwalba guda. Ɗigo ɗaya na itanol daga kwalbar wanki yana da kusan miligiram 40. Wato in wani ya goge tebur da itanol, ko ya wanke bututun NMR da shi bai bushe ba, zai iya ba ni sakamakon da ya fi na kowa a duniya.

Saboda haka tun ranar farko babu itanol a kusurwata, ko na wanke hannu. Tawadar katalis, wato ruwan da nake shafa wa takarda, da aisofurofanol nake dama ta, ina kuma busar da takarda sosai. Duk da haka sai na yi gwajin banza: komai iri ɗaya, amma a hura iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da kome, maimakon CO2. In itanol ya fito a nan, ba daga CO2 ya zo ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a yi amfani da CO2 mai kabon 13, wani nau'in kabon mai ɗan nauyi da ake iya bin sawunsa, a ga ko ya bayyana a cikin itanol ɗin, sai dai kuɗin ƙaramar tukunyarsa ya fi ƙarfin kasafina na bana.

Labarin da ya fara jawo ni wannan fage shi ne na ɗakin binciken Oak Ridge a Amurka a 2016, inda ƙungiyar Adam Rondinone ta ɗora ƙwayoyin jan ƙarfe a kan tsinayen kabon mai naitirojin, ta ba da rahoton itanol da kason Faraday 63. Jaridu sun yi ta yayatawa kamar gobe za a fara zuba hayaƙi a tankin mota. Aikin mai kyau ne. Abin da jaridun suka tsallake shi ne ƙarancin ƙarfin wutar da aka yi aikin da shi, da ƙanƙantar abin da ya taru a kwalba.

11 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara shigowa. Na koma aikin safe, daga bayan asuba zuwa hantsi. Gwajin agon ya fito fes, babu itanol, babu etilin. Alhamdu lillahi.

Zafin ɗaki ya zama matsala ta kansa. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe CO2 kamar mai sanyi, kuma tun 1986 Hori ya nuna cewa zafi yana sauya rabon metan da etilin. Gwajin da aka yi a Disamba da wanda aka yi yanzu ba a ma'auni ɗaya suke ba. Yawancin takardun da nake karantawa suna rubuta "zafin ɗaki" su wuce, domin ɗakinsu digiri 22 ne rani da damina. Na saka kwalbar cikin bahon ruwa mai daidaita zafi a 25, na kuma sake manyan gwaje-gwajen baya.

16 ga Afrilu

Wannan ita ce rana mafi muhimmanci tun da aka fara. Na aika takardu uku a ɗauki hotonsu: wadda ba ta taɓa shiga kwalba ba, wadda ta yi 'yan mintoci, da wadda ta yi awoyi. A ta farko akwatuna suna nan reras. A ta biyu kusurwoyi sun fara lanƙwasa, fuskoki sun yi ramuka. A ta uku babu abin da za a kira akwati. Wasu sun farfashe sun zama tsaki, wasu sun manne da juna sun zama curi mai kaushi. XRD kuma ya nuna tsini a 43.3 da 50.4, tsantsar jan ƙarfe.

Komawar Cu2O ƙarfe dama ana jiranta, domin a ƙarfin lantarkin da ake aiki da shi, wajen bolt ɗaya ƙasa da ma'aunin haidirojin, oksijin ba ya iya zama. Da ya fita sai ginin ya rage girma, ya tsattsage. Wannan ma shi ne sirrin jan ƙarfen da Matthew Kanan na Stanford ya fito da shi a 2012, wanda ake fara mayarwa oksaid sannan a dawo da shi: tsagogin da iyakokin da ke tsakanin ƙwayoyi su ne wuraren aiki. Abin da ya tsaya mini shi ne saurin rushewar siffar. Wata biyu na yi ina gyaran kusurwa, kusurwar kuma ba ta kai ƙarshen gwajin farko ba.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2018 ƙungiyar Roldan Cuenya ta ga akwatunan jan ƙarfe a kan kabon suna rasa siffa ana cikin aiki, ƙungiyar Buonsanti ma a shekarar ta nuna yadda lantarkin kansa ke ɓantaro 'yan gutsattsari daga jikinsu. A 2023 ƙungiyar Peidong Yang a Berkeley ta kalli ƙwayoyi masu nanomita 7 kai tsaye ana cikin aiki, ta ga sun haɗe sun zama manyan dunƙule na ƙarfe, kuma dunƙulen ne ke aikin, ba ƙwayoyin asali ba. Da aka fito da su iska ta taɓa su sai suka koma Cu2O. Wannan na ƙarshe ya sa ko hoton takardata ta uku ba zan rantse a kansa ba, tunda ta yi kwanaki a hanya cikin iska kafin a ɗauka.

Ra'ayina, kuma na san ba kowa zai so shi ba: takardu da yawa a wannan fage suna nuna kyakkyawan hoton abin da aka haɗa, su jera shi da kason etilin, su ce siffar ce ta jawo. Hoton na kafin aiki ne. Abin da ya yi aikin wani abu ne daban da aka haifa a cikin kwalba. Siffar farko tana da tasiri, domin ita ke tsara irin rushewar da za a yi, amma wannan magana ce daban da cewa fuskar (100) ce ke zaune tana aiki awa goma.

8 ga Mayu

An ɗauke wuta tun jiya, janareta ke riƙe da GC. Ina zaune ina jin ƙararsa sai na ɗauki biro.

Tan ɗaya na itanol mol 21,700 ne da ɗoriya. Kowane mol yana cin mol 12 na ilektiron. In kwalba tana aiki a bolt 3, kuma ba a yi asarar ilektiron ko ɗaya ba, ana buƙatar wajen kilowat-awa 21,000. Abin da tan ɗin zai bayar in an ƙona shi bai kai 7,500 ba. CO2 da ya shiga cikinsa tan 1.9 ne. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na CO2, janareta kuma da ƙyar ya ba da kilowat-awa 4 a lita. Ke nan da wutar janareta, sai ka saki aƙalla tan 14 don ka kama ƙasa da 2. In ba da hasken rana ko iska ko ruwa mai arha ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, kuma babu katalis da zai canza wannan.

Akwai wata asarar da ba a cika faɗa ba. Duk ilektiron da ya yi aiki yana barin haidiroksaid ɗaya a bakin elektirod, shi kuma yana cafke CO2 ya mayar da shi kabonet. A etilin ɗaya, CO2 biyu ne ke shiga cikin kaya, shida na iya tafiya a kabonet. Ƙungiyar Ted Sargent a Toronto ta kai kason etilin 70 a 2018 da elektirod mai shaƙar gas kai tsaye cikin ruwan KOH, babban ci gaba ne, amma ruwan KOH ɗin shi ne ya fi kowa shan CO2.

Ɗaya hanyar sarrafa CO2, ta zafi da matsi maimakon lantarki, ta riga mu nisa. Katalis na jan ƙarfe da tutiya da alumina da kamfanin ICI ya fito da shi a 1966 har yau shi ake yin metanol da shi, kuma shi ma in aka duba ƙwayoyin jan ƙarfe ne 'yan nanomita. Masana'antar George Olah a Svartsengi ta Iceland an gina ta da ƙarfin yin tan 4,000 na metanol a shekara daga CO2 da haidirojin, ta Anyang a China da aka buɗe a 2022 kuma tan 110,000. A can lissafin a fili yake: tan ɗaya na metanol yana cin tan 1.4 na CO2 da kilo 190 na haidirojin, kuma tsadar tana wajen haidirojin. Mu a nan CO2 ba zai yi wuya ba. Kowane kilo 100 na dutsen farar ƙasa da aka gasa a masana'antun siminti na Obajana ko Ashaka ko Kalambaina yana sakin kilo 44, ban da na man da aka ƙona. Rana ma muna da ita. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta yi shekaru tana aiki, tawa kuwa awoyi take yi.

17 ga Yuni

Na zauna da Farfesa bayan hutun Babbar Sallah, na shimfiɗa masa hotunan uku. Ya daɗe yana kallon na ukun. Ya ce, "To, Malam, yanzu me kake so ka yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ina so a sauya tambayar. Maimakon wace siffa ce ta fi ba da etilin, a tambayi me siffar ke komawa, cikin wane lokaci, kuma ko ana iya riƙe ta." Ya ce tseren neman kaso mafi girma dama ba namu ba ne, masu kuɗi sun yi gaba, amma bin diddigin rushewa aiki ne na haƙuri, kuma wanda ke da kwalba ɗaya da GC ɗaya zai iya. Ya sa sharaɗi: kowane sakamako sai an maimaita shi da katalis daga haɗi daban-daban, ba daga tukunya ɗaya ba.

Abin da ke gaba zuwa ƙarshen Agusta. Zan riƙa tsayar da gwaji a lokuta mabambanta in ciro takarda, in rufe ta cikin agon nan take kafin a aika. Zan gwada ba da wuta a yanke, wato bayan kowane ɗan lokaci a juya lantarkin na daƙiƙa ɗaya ko ƙasa don fuskar ta sake ɗaukar ɗan oksijin. Ƙungiyar Roldan Cuenya ta nuna a 2020 cewa hakan yana ƙara itanol a fuskar (100), ni kuma ina so in ga ko yana rage wa akwatunan rushewa ko ƙara musu yake. Zan kuma musanya fotasiyam da siziyam a wasu gwaje-gwajen, tunda an san manyan ayon suna taimakon abubuwa masu kabon biyu. Wayar filatinam ma za ta fita, domin tana iya narkewa kaɗan ta tsallaka tantani ta kwanta a kan jan ƙarfe. Na yi odar sandar girafait a madadinta. Tukunyar CO2 ta kusa ƙarewa, Baba ya ce mai kawowa sai ranar Alhamis.